Kwalbar da Babu Magani a Ciki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan. Ya jikin Mama? Ya 'yar rigimata da na bar miki, tana barinki ki runtsa kuwa?

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san bincikena a kan yis ne, wannan dai mai kumbura burodi. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira enzayim, mai ƙera siterol, maiƙon da ke riƙe fatar ƙwayar yis ɗin. Farfesanmu ya yi suna ne da cewa maganin da ya haɗa yana kashe enzayim ɗin. To maganin ba ya narkewa sai an ɗiga masa sabulun gwaji. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya taɓa zuba sabulun shi kaɗai ya gani. Ni da karambanina na zuba. Wallahi enzayim ɗin ya mutu murus, alhali ko ɗigon magani babu a kwalbar! Na sake, na kuma sakewa. Da na rage sabulun, maganin nasa bai tsinana komai ba.

Na rubuta sakamakon a shafi guda na kundin digirina, na kai wa Farfesan da murnata. Ko kallon takardar bai yi ba, ya ce ban iya wanke kwalba ba ne. Ni! Wai in cire shafin, in ba haka ba ba zai sa hannu a kundina ba.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah Ya bar zumunci. Saƙonki ya iso. Kin ce in cire shafin in dawo gida, yarinya kullum tana tambayata. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Har na buɗe kundin zan cire, sai na ji ana shirin gwada maganin a kan marasa lafiya. Mutane fa, Yaya, ba yis ba!

Shafin yana nan. Bai sa hannu ba. An karɓe mabuɗin firijin gwajina, abokan aiki kuma in sun hango ni a baranda sai su kama duba waya. Matsorata kawai. An haɗa ni da wata malama da za ta ci gaba da duba aikina, sai na ƙara shekara guda.

Rigar da na ɗinka wa yarinyar don ranar yaye mu tana ƙasan akwatina da na bari a gida. Ki ciro ki sa mata ta yi yawonta. Kafin baɗi ta yi mata kaɗan.

Taki har kullum,
Auta