Sunan da Zan Liƙa a Gora

Laraba, 14 ga Mayu, unguwar Faisal

Yau dai na haƙura da zoɓo. Maƙwabciyata Ummu Karim ta kurɓi nawa, ta yamutsa fuska ta ce, "Ya Hauwa, wannan ai karkade ne, kowane lungu akwai shi, kuma naki citta ta yi yawa." Da na miƙa mata kunun aya sai ta shanye tas, ta ce wannan kam babu mai sayar da shi a unguwar nan. Khalas, magana ta ƙare, shi zan riƙe.

Bayan la'asar na je shagon mai buga takardar da zan liƙa a gorunan. Sunan da muka zaɓa ni da ƙawata Balaraba, tun kafin ta koma Sakkwato, shi ne Ɗanɗano. Sau uku ina faɗa, bawan Allah ya kasa maimaitawa, ya ce ma'alish, in yi haƙuri, babu harafin Ɗ a Larabci. Dariya ta kama ni, na waiga mu yi tare da Balaraba, na manta ba ta nan.

Ya tambaye ni da me ake yin kunun. Na ce, "Aya."

"Aya! Ai sunan 'yata ke nan. Tamam, sa shi kawai, kowa zai iya kira."

Na amince. Asabar zan karɓo.

Na rubuta wa Balaraba cewa na sauya sunanmu, har yanzu ba ta buɗe ba. Ko za ta ji haushi, oho.

Yau kwana biyar ban yi Hausa da kowa ba. Kalma biyu kacal na furta a gaban mutum: ɗaya ya kasa faɗa, ɗayar kuma ya ɗauka Larabci nake yi.