Na Kai Babana Masaƙar Da Ba Tasa Ba

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci, don ni ma na riga na yanke wa kaina.

Malamar tarihi ce ni a sakandare, wato aikina gaya wa yara gaskiyar abin da ya wuce. Babana ya yi shekara talatin a wata masaƙa a Bompai, yanzu idonsa ya tafi. Da hutu na ce bari in zaga da shi gari. Muka je gindin Dala, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ina ta zuba bayani kamar a aji. Ya saurara da haƙuri, sannan ya ce, "Malama, duk wannan tarihin wasu ne. Kai ni Bompai."

Sai na fara zuwa ni kaɗai in duba. Babu rufi, babu inji, awaki ne kwance a inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da wane baki zan faɗa masa? Washegari na sa mai adaidaita ya yi ta zagaye da mu daga gidanmu a Dorayi don hanya ta yi tsawo, ya sauke mu a Sharada, ƙofar wani kamfanin roba mai ƙugin injuna. Baba ya dafa katangar. Can ya fara kiran sunayen abokan aikinsa da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu addu'a. Ya ce, "Alhamdulillahi, ashe ba mu yi wahalar banza ba." Sai ya ja hanci ya ce, "Amma warin ya canza." Na ce, "Zamani ne, Baba." Kunya ta hana ni kallonsa, shi da ba ya ganina.

Tun ranar sunayen nan ba su bar kunnena ba. Ina kiran sunayen ɗalibai da safe, sai in ji muryarsa tana kiran matattu a jikin katangar da ba su taɓa dafawa ba. Sau uku na sake kai shi. A na ƙarshe, muna cikin zagaye, ya yi murmushi ya ce, "Direban nan naki yana son kwana." Ya gane ne? Ni yake rufa wa asiri, ko ni nake rufa masa?

Ga shi ranar Asabar amininsa Malam Sale, wanda suka yi aiki a inji ɗaya, zai zo daga Maraɗi. Idonsa garau. Baba har ya sa an wanke masa babbar riga, wai zai nuna masa masaƙarsu tana nan da ranta.

In faɗa wa Baba kafin Asabar, in rushe masa ita da bakina? Ko in roƙi dattijo Malam Sale ya taya ni ƙarya? Me zan yi?