Juan ɗin da Babu

Lima, 9 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo Eusebia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Kaka da tumakinta. Cukun da kika aiko a motar Laraba ya iso.

Aikin gidan tsofaffin ba laifi. Ina goge ƙasa, ina ba su abinci a baki. Su ashirin da shida ne, mu huɗu. Masu yawan tashi ana ɗaure su a kujera da zanen gado, wai don kada su faɗi.

Gwaggo, na ce wa Madam, shugabar gidan, a nan Lima aka haife ni. Charo, wadda ta fi mu daɗewa, idan ta ga mutanen dutse irinmu sai ta toshe hanci ta ce warin tumaki. Shi ya sa ban taɓa yin harshenmu na Kecuwa a nan ba.

Akwai wata tsohuwa, Fortunata, ba ta jin Sifaniyanci. Kullum tana cewa "nanawan, nanawan". Su a kunnensu wani Juan take kira, tunda "Huwan" ake furta sunan. Charo takan ce mata, "Tsohuwa, haƙura, Juan ɗinki ya bi 'yar yarinya." Kowa ya yi dariya. Ni ma ina yi. Don Allah kada ki karanta wa Kaka wannan wurin.

'Yarki, Nélida

Chungui, 20 ga Mayu

Nélida,

Muna lafiya, mun gama haƙar dankali. Kin san yadda nake karatu, layi-layi da yatsa. Kafin in kai inda kika ce kada in karanta, na riga na karanta mata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye zaren da take kaɗi ta ce, "Ina ne yake mata ciwon?" Na ce ba ki rubuta ba. Ta ce in sake dubawa.

Ke, yaron goye ma ya san nanawan na nufin "yana mini ciwo". Da wannan kalmar kika tashe ni ranar da haƙorinki ya kumbura. Ki faɗa wa Madam a duniyar wata aka haife ki in kina so, ba ruwana. Amma ki tambayi matar nan inda ke ciwo, ki rubuto. Kakarki na jira.

Allah ya tsare ki.

Gwaggonki, Eusebia

Lima, 6 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ku. Takardarki ta yi kwana tara a aljihuna ban yi komai ba. Gara ki ji daga bakina.

Ranar Litinin aka bar ni da ita a wurin wanka. A jere ake yi musu, da tiyo, kuma Charo ta ce kada a ɓata lokaci wajen cire mata safa don tana shuri. Sai a ɗaga ƙafar gefe kawai. Na sunkuya kusa da kunnenta na ce da harshenmu, "Iya, ina ne?"

Ta daina kuka nan take. Ta kama hannuna ta kai ƙafar hagu. Safar ta manne da nama. Yatsu biyu sun yi baƙi, ga wari.

Na kira nas. Charo ta riga ta zuwa, ta ji ina lallashin tsohuwar. Ta ce, "Au, ashe 'yar Lima ta iya yaren tumaki. To gaya mana, me Juan ya ce?"

Na ce, "Babu wani Juan. Cewa take yana mata ciwo."

Ta ce, "Kuma kika yi shiru wata uku? Ni dai ba na ji. Ke fa?"

Nas ta shigo ta duba ƙafar, Gwaggo. An kai ta asibiti. Madam ta ce gobe in je in yi wa likita tafinta, tunda babu mai iyawa. Ta ce in faɗi abin da ya kamata kawai, in ina son aikina.

Ki gaya wa Kaka ƙafar hagu ce.

'Yarki, Nélida

Lima, 8 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa. An yanke ƙafar daga idon sawu. Tana da rai.

Likita ya ce in tambaye ta tun yaushe, kuma ko ta faɗa wa wani. Madam na tsaye a bayana. Iya Fortunata tana shafa hannuna ta ce, "Tun kafin bikin Ista. Na faɗa wa kowa, amma su ba sa ji. Wannan 'yar tamu ce kawai take ji. Tun ranar da ta zo na gane, don duk na faɗa sai ta sunkuyar da kai." Ba da fushi ta faɗa ba.

Na fassara duka. Likita ya ɗago daga takardarsa ya ce bai ji na ƙarshen ba, in ɗaga murya.

Na sake faɗa.

Aikin ya ƙare. Ku saurari zuwana a motar Laraba.

Nélida