Na Buɗe Rariyarmu

Baban Mufida,

Bayan ka tafi bakin boda, duba-gari sun zo sun haɗa rariyarmu da sabuwar kwatar layi. Suna tafiya Alhaji Zunnuraini ya sa aka toshe ta da bulo da siminti, wai ruwanmu ba zai bi ta ƙofar shagonshi ba. Na ce mashi, "Alhaji, sauron ruwan nan ya kwantar mani da ɗiya sau uku daminar nan." Ya ce shi da maigida zai yi magana. Na ɗauko diga na fasa tun simintin bai bushe ba.

Na tafi kai Mufida asibiti. In Alhajin ya zo, kada ka ba shi haƙuri. Ya sake toshewa, in sake fasawa.

Luba