Farin Kayan da Baba Ya Hana Shanyawa

Nuzla, Jidda

Zuwa ga Yaya Nomau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya sassauta maka ciwon ƙirjin nan da Aissa ta ce ya sake kwantar da kai. Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewar gida.

Yaya, wata bukata ce ta sa na ɗauki biro. 'Yarka Wejdan, autata, tana rubutu a jami'a kan yadda ƙasashe suka yi wa juna ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Kullum sai ta cika mini kunne da Landan da Hambug da Tokiyo, wai ana auna masana'antu da rumbunan mai, amma talakawa ke ƙonewa a ɗakunansu. Na ce mata kakanta ma ya gani da idonsa, yana leburancin mirgina durom ɗin mai a filin jirgin Fort-Lamy, tsohon sunan garinmu, ranar da jirgin Jamus ya cinna wa man wuta. Yarinyar nan ta saki baki, ashe duk karatunta ba ta san yaƙin ya leƙo N'Djamenarmu ba.

Sai ta tsare ni da tambaya, ni kuwa na ji kunya. Abin da na riƙe kaɗan ne. Na tuna Baba bai taɓa bari a shanya farin kaya a tsakar gida ba, wai fari jirgi yake hange daga sama, har Inna ta gaji da gardama ta koma shanya a ɗaki. Na tuna shekarar da ya zo hajji na tare shi a nan, yana cikin harami fari fat, jirage na ta wucewa a kansa, ya damƙe hannuna ya ƙi saki. Dariya na yi masa a lokacin. Har yau abin yana ci mini rai, don ban tambaye shi komai ba.

Kai ne ka zauna ka ji labarin daga bakinsa, kuma kai kaɗai ka rage. Matsalar iƙamata, takardar izinin zamana a nan, ta hana ni zuwa. Don Allah ka sa Mahadi ya naɗi muryarka a waya, ka faɗa tun daga farko. Kada ka sauƙaƙa Hausar don Wejdan, ni zan fassara mata. Gaskiya ni ce mai bukatar, Yaya, shekara goma sha ɗaya ban zauna na saurare ka ba. Kada ka jira sai ka warke.

Ka gaida Aissa da Mahadi da Munira da jaririnta.

Ƙanwarka mai kewarka,
Lubabatu