Keken da Nake Biya wa Kuɗin Mota

Zuwa ga Manajan Ma'aikata,
Kamfanin sabulun da nake yi wa aiki,
Challawa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Alhaji kuna lafiya, da iyali, da ɗawainiyar jama'a. Allah Ya taya riƙo.

Sunana Rabi. Ina sashen naɗe sabulu, tebur na uku daga ƙofa, shekara tara ke nan. Kafin nan koyarwa nake yi a firamare. Na san ba ku san fuskata ba, amma takardun gargaɗi biyu da ke cikin jakata duka sa hannunku ne a kansu. Dokar kamfani ta ce wanda ya makara sau uku cikin wata shida an sallame shi. Saura ɗaya gare ni, kuma na san ranar da za ta faɗo: Litinin ta farkon watan gobe.

Ban so a ce ta jarida za ku ji ni ba. Sau uku ina hawa bene wurin ofishinku. An ce kuna taro, an ce kun yi tafiya, a na uku sakatarenku ya ce in rubuta in jefa a akwatin ƙorafi. Na jefa har sau biyu. Ranar Alhamis na leƙa ta bakin akwatin, na hango takarduna a kwance inda na bar su. Ban ambaci sunan kamfani a nan ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Duk mai aiki a Challawa ya san inda aka raba kekuna.

Na farko, batun bas da keke.

Shekara da shekaru bas ɗin kamfani na tsayawa a Na'ibawa ƙarfe shida da kwata, ta bi ta Zawaciki ta kwashi sauran, bakwai saura mun buga kati. Da aka ƙara kuɗin mai bayan ƙaramar Sallah, sai muka ga sanarwa a allon ƙofa cewa kamfani ba zai iya ci gaba da shayar da bas ba, amma za a ba kowane ma'aikaci sabon keke kyauta. Aka kafa rumfa, aka kira mai hoto, kuka yi jawabi kuka ce kun raba ma'aikatanku da layin mai har abada. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don kowa na kallon kowa.

Ba na musun cewa mazan sun amfana. Na ga waɗanda suka zo ci-rani daga ƙauyukan Ringim da Gumel suna goge kekunansu da bakin riga, suna murna, kuma na taya su. Amma Alhaji, mu ashirin da uku ne mata a sashen naɗi. Ku ɗan Kano ne, gidanku gidan malamai ne, ba baƙon da ya sauka daga jirgi jiya ba. Tun tasowarku, kun taɓa ganin matar aure da zane da mayafi a kan keke a titin Zariya, tana kutsawa tsakanin tirela da tankar mai? A cikin duk waɗanda suka zauna suka yanke wannan shawara, ba a sami mutum ɗaya da ya tuna da yayarsa ko gwaggonsa ba?

Kada a ce ban gwada ba. Wata Lahadi na sa aka rufe ƙofar gida, maigidana Malam Sani ya riƙe mini kariyar keken ta baya, na hau a tsakar gida, ni mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya biyar. Yana saki na tafi kai tsaye na rungumi randa. Randar ta fashe, gwiwata ta kumbura kwana huɗu. Surukata Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo, ta ce, “Rabi, in neman halak ɗin ya kai ga haka, ki bar musu sabulunsu.” Ba ta san da sabulun nan ake sayen maganin hawan jininta ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Na biyu, yadda safiyata ta koma.

Daga Na'ibawa zuwa Challawa mota biyu ce: kiya-kiya ta kai ni cikin gari, wata ta ɗauko ni ta hanyar Panshekara. Abin da ake hawa a kan sule biyu bara, yau sai da kwabo hamsin, wani direban ma in ya ga hadari ya taso sai ya ƙara. Wannan in an sami motar ke nan. Rabin kiya-kiyoyin garin nan a layin gidan mai suke wuni, ragowar kuma kafin su iso wurinmu sun cika har bakin ƙofa. Namiji ya iya ɗafewa. Ni ba zan iya ba.

Don haka yanzu ina idar da sallar asuba nake fita. Koko da dumame na bar wa babbar 'yata Hauwa, wadda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ita ke wanke ƙannenta ta sallame su, sannan ta tafi a makare ta sha bulala. Ƙaramar cikinsu, mai shekara uku, tana barci nake fita. Kwanan baya ta faɗi ta fasa leɓe, ina tsaye a wurin, ta wuce ni da gudu ta faɗa jikin Hauwa tana kuka.

Jan layin makara na farko ranar wata Talata na same shi. Kwana shida ba kananzir a unguwarmu. A layin kananzir ba mutum ke tsayawa ba, galan ke tsayawa: kowa ya ajiye nasa, a zura igiya ɗaya ta hannuwansu, ka je ka yi sabgarka. Amma in tanka ta zo aka kira ba ka nan, sai a kwance naka a jefar gefe. Galan ɗina ya kwana uku a igiya. Ranar da tankar ta zo da sassafe, Hauwa na da jarrabawar gwaji, Malam yana aikin safe a Bompai. Na tsaya na karɓa, na kai gida, na kama hanya. Na iso bakwai da minti ashirin. Wannan na yarda, zaɓi na yi tsakanin katinku da risho, na zaɓi risho. Ban yi gardama ba da aka miƙo mini takarda.

Na uku, ƙidayar keke. A nan ne na gaji.

Sanarwarku ta ce keken ba na sayarwa ba ne, ba na aro ba ne. An buga wa kowanne lamba a ƙarƙashin sirdi. Duk wanda aka gani a kansa ba mai lambar ba, za a ɗauke shi ɓarawo. Kuma kowace Litinin ta farkon wata sai kowa ya zo da nasa bakin ƙofa akawu ya duba, wanda bai kawo ba a ɗauka ya sayar, hukuncinsa kora.

Ga abin da wannan ya haifar a gidana. Malam Sani yana da tsohon babur, ya jingine shi a zaure tun da mai ya fi ƙarfinsa. Masaƙar da yake aiki a Bompai kwana uku take buɗewa a mako yanzu, saboda ba kayan aiki. A kwana ukun nan shi ma mota biyu yake hawa, wata rana ya taka daga Dakata don ya rage ɗaya. Sabon keke kuwa yana ɗakina a jingine, ledarsa ma ba a gama cirewa ba, yara na shanya kayan makaranta a kansa. Mutumin da ya iya hawa an hana shi, wadda aka ba ba ta iya ba.

Matan Zawaciki da ke kusa, turo nasu suke yi a ƙasa ranar ƙidaya. Ku fito bakin titi wata Litinin ku gani: mata a jere da mayafai, kowace tana jan keke kamar mai kai akuya kasuwa, 'yan tireda na yi musu kirari. Indo, wadda ke da cikin wata bakwai, haka ta turo nata ta iso ƙafafunta a kumbure.

Ni Na'ibawa ta yi nisa da turi. A ƙidayar da ta wuce na fito da keken bakin titi tun gari bai gama wayewa ba. Mota huɗu suka tsaya, suna ganin keke suka ja. Na biyar, wani dattijon direba, ya leƙo ya ce, “Hajiya, ke za ki hau ko shi zai hau?” Na ce mu biyu. Ya ce, “To shi kuɗin mutum biyu ne, don ya fi ki cin wuri.” Aka ɗaure shi a saman mota, fasinjoji na ta dariya. Wani daga baya ya ce shi bai taɓa ganin keken da ya yi arzikin 'yar rakiya ba sai yau. A cikin gari aka kwance, na sake tsayawa, na sake roƙo, na sake biya. Kuɗin motar safiya uku na kashe a safiya ɗaya, don in kawo abin hawan da aka ba ni saboda in huta da kuɗin mota.

Na iso bakwai da minti tara. Ƙofa a rufe. Baba mai gadi, mutumin Tawa, wanda ya san ni tun ranar da na fara aiki, ya ce ta tsakanin ƙarafa, “Ki yi haƙuri ɗiyata, ni ma agogon nan ke iko da ni.” Da aka buɗe, akawu ya duƙa ya duba lambar, ya rubuta cewa keke ya halarta. Sannan ya miƙe ya ja mini jan layi na biyu. A littafi ɗaya, a shafi ɗaya, da biro ɗaya.

Na huɗu, abin da aikin nan yake a wurina.

Ina karanta jarida, ina jin rediyo. Na san ba ku kuka ƙara kuɗin mai ba, na kuma ji masana suna bayanin dalilin da ya sa dole kowa ya ɗaure ciki. Ban isa in yi musu da su ba. Abin da na sani shi ne, mai ba a mota kaɗai yake tsayawa ba. Mai injin niƙa ya ƙara, ya ce gas. Mai itace ya ƙara, ya ce motar daji. Gero da manja da tumatir duk a mota suke zuwa. Hatta ɗan garuwa da ke turo kura da ƙafarsa ya ƙara, da na yi magana ya ce shi ma ba iska yake ci ba, kuma gaskiyarsa. Nama sai Juma'a, shi ma don ƙamshi. Girki sau biyu ya koma sau ɗaya. Ina naɗe sabulu daga safe zuwa la'asar har hannuna ya yi kanta, amma sabulun gidana da zare nake yanka shi gida huɗu, in ɓoye uku.

Mu takwas ne a gidan nan, kuma tun da aikin Malam ya ragu, albashina ne kaɗai ke zuwa cikakke. In kuka sallame ni, Hauwa ce za ta fara barin makaranta, ana saura 'yan watanni ta gama. A shekara tara ban taɓa makara ba sai bayan da aka ɗauke bas. Katunana na nan a ofishinku, a ciro a duba.

Na kai wa shugabannin ƙungiyar ma'aikata maganar. Duka maza ne, duka a kan sababbin kekuna suka zo taron. Suka ce za su duba.

Don haka ga roƙona, ni da sauran mata ashirin da biyu da suka ce in rubuta da yawunsu, ko da yake tsoro ya hana su sa hannu.

A goge jan layin da aka ja wa duk macen da ta makara ranar ƙidaya. Wancan na kananzir ku bar mini shi, nawa ne.

A dawo mana da mota ko da ƙarama ce, ko da safe kaɗai. Mun yarda a cire wani abu daga albashinmu a zuba mata mai, zai fi mana sauƙi a kan abin da muke ba 'yan kiya-kiya. In hakan ba zai yiwu ba, a sake mana mara mu ba mazajenmu ko ƙannenmu kekunan a rubuce, ko kamfani ya karɓi abinsa ya mayar sito.

In kuwa ƙidayar nan dole ce, a tura akawu gidajenmu ya duba. Shi ai ya iya hawa.

Alhaji, ina sanar da ku tun yanzu don kada a ce na yi a ɓoye. Litinin ta farkon watan gobe ba zan kawo keken ba. In na kawo shi zan makara, a kore ni. In na bar shi za a ce na sayar, a kore ni. Na zauna na duba duka biyun, na ga gara a kore ni ina kan lokaci. Bakwai saura kwata za ku same ni a bakin ƙofa da katina a hannu, ni kaɗai. Keken yana ɗakina a Na'ibawa, lafiyarsa ƙalau, duk mai son ganinsa ya zo. Sai ku gaya wa akawu wanda zai rubuta a cikinmu cewa ya zo aiki.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Allah Ya sa ku gama da kujerar nan lafiya, Ya ba ku mashawartan da ke tunawa da waɗanda ba sa cikin ɗakin taro. Allah Ya raya muku zuriya, Ya kiyashe 'ya'yanku mata da tsayuwar bakin titi. Mu kuma Allah Ya sassauta mana.

Wassalam.

Rabi,
Sashen naɗe sabulu, tebur na uku.