Ƙwayar da na ba Duna

Ƙanena Sabo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya Hajara da yara, yaya zafin Legas? Mu nan Tudun Wada kowa lafiya.

Maganar karenka Duna ce. Tun shigowar sanyi ƙafafunsa na baya suka sage, da ƙyar yake miƙewa da safe. Ka san ni, garejin nan da hannuna na kafa shi, ban saba tambayar kowa ba. Sai na riƙa cusa masa ƙwayata ta ciwon gwiwa a cikin tuwo. Bayan kwana uku ya fara amai.

Likitan dabbobi ya ce sanyin ƙashi ne. Da na gaya masa abin da na yi, sai ya ce, "Amma Alhaji, maganin mutum yana iya lalata masa ƙoda." Ya ba da wani magani, ya ce a shimfiɗa masa buhu, kada ya ƙara kwana a kan siminti. Jibi zai duba jininsa.

Amana ka bar mini, Sabo, kuma yau ko ruwa bai sha ba. Ka taya ni addu'a. Ka gaida Kawu Isa, amma kada ka gaya wa yara tukuna.

Yayanka,
Ɗanlami